Daga Kankiya Zuwa Kaikai a Kan Sirdin da Ya Fi Ƙarfina

Tashi daga Kankiya

Ladan bai ƙare kiran assalatu ba na fito da keken daga zaure. Sunana Rabe, tela ne ni a bakin kasuwar Kankiya, kuma duk wanda ya san ni ya san Allah bai ba ni tsawo ba. A shekarun nan naira ba ta daɗe da korar fam da sule ba, kuɗin fetur sun fara zagayawa, duk mai 'yar sana'a sai ka ga ya sayi keke ko rediyo. Ni ma na bi sahu na sayi keke, alhali ban taɓa hawa ba. Da yamma nake zuwa bayan gari ina koyo inda ba mai ganina. Na iya tafiya in an miƙe, amma juyawa da tsayawa sai dai in faɗi.

Abin da ya fito da ni shi ne Hansai, mai ɗakina. Cikin fari ne da ita, saboda haka aka kai ta gidan iyayenta, wani ɗan ƙauye a bayan Kaikai, ta haihu can kamar yadda ake yi. An aiko mani ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace, na aika da itace da kayan yaji na koma na zauna ina jiran suna. Ana nan sai wani mai jaki ɗan garinsu ya biyo ta rumfata da la'asar, ya ce, "Jikin mai jegon dai da zahi. Jiya ma ta yi ta sambatu, ba ta gane mutane sosai." Ya faɗi haka ya kora jakinsa ya wuce.

Na san wannan zazzaɓi, shi ya ɗauke mahaifiyata bayan ta haifi ƙanena, ina yaro ina kallo. Na ruga wurin wani maƙwabcina da ke aikin asibiti, ya ce in dai zazzaɓin jego ne to ba abin da zai tare shi sai allura, kuma in aka bari ya kwana biyu sai dai haƙuri. Damina ce ta tsakiya, mota ba ta shiga Kaikai saboda ƙorama. Ba ni da doki, ba ni da jaki. Keken nan da ban iya ba shi kaɗai gare ni.

Bari in faɗa maku yadda keken yake, don ku gane wahalar da na ja ma kaina. Sirdinsa na fata ne, da sifirin biyu, murɗaɗɗun ƙarafan nan masu lotsawa, a ƙarƙashi ta baya. Yadda aka fiddo shi daga kanti haka na bar shi, sirdin can sama, bakinsa a ɗage, har takardar da aka naɗe ƙarafan da ita ban cire ba. A wurinmu lokacin ba a taɓa sabon keke da sifana, cewa ake wanda ya ƙera shi ya fi ka sani. Abu biyu na taɓa. Duk lokacin da na hau, sifirin nan sai ya lotsa ya taso da ni, in ji kamar za a wurgar da ni, sai na sami tsohuwar robar taya na yanka, na ɗaɗɗaure su tamau yadda ba za su motsa ba. Tayoyin kuma na sa aka dinga bugun iska har suka yi tauri kamar dutse. Ni a ganina na yi dabara.

A kan kwalta

Na yi sallah, na yi bisimilla, na jingina keken da dakalin masallaci na taka na hau, don ba na iya hawa daga ƙasa. Na kama titin Kano gari na fara haske.

Ban yi nisa ba na san akwai magana. Ƙafata ba ta kai feda in ta yi ƙasa, sai na karkata hagu in taka, in karkata dama in taka, kowane karkatawa fatar sirdin na gurzar ni. Bakin sirdin da ke ɗage ya tokare ni a inda ba a faɗi. Kowace tsakuwa na taka sai na ji ta har cikin haƙorana. Na ce a raina, Rabe, daure, wadda ke kwance can ta fi ka jin jiki.

Sai na ji ruri a bayana. Babbar mota ce, irin mai katako, ta taho da lodin buhuna tana danna ƙaho tun daga nesa. Wayyo Allah! Na rasa birki, na rasa feda, na miƙa ƙafa in dafa ƙasa, ina ƙasar take? Kan keken ya shiga rawa, ya yi tsakiyar titi da ni, na fizgo shi, ya yi gefe. Iskar motar ce ta ƙarasa ni, na tafi ƙundum cikin kwatami, keken a kaina. Ina kwance cikin ruwan laka na ji yaron mota na ihu daga sama, "Tsoho, ka koma ma jaki!"

Ban ji zafin faɗuwar ba sai tsoro. Tunanin da ya zo mani shi ne in na karye a nan, wa zai je? Ba wanda ya san na fito. Na shafa ƙafafuna na ji suna nan, na duba keken, sarƙa ce kawai ta zame, na mai da ita da yatsa. Daga nan duk motar da na ji, tun tana nesa nake faɗawa ciyawa da kaina, in jira ta wuce, in nemi kututture ko tudun gara in taka in sake hawa.

Mararraba, rumfar Mati

Rana ta fito sosai na iso inda hanyar Kusada ta rabu da kwalta. A nan akwai 'yan rumfuna, mai shayi da mai ƙosai, da wani mai gyaran keke ana ce mashi Mati. Ban yi niyyar tsayawa ba, jikina ne ya ƙi. Na sauka ta hanyar da na saba, wato na faɗi, da na miƙe kuma ƙafafuna suka ƙi haɗuwa. Daga ƙugu zuwa cinya ba na jin komi, kamar ba nawa ba.

Mati ya dube ni, ya dubi keken, ya riƙe baki. "Malam, kai da wa kuka yi faɗa? Mi sifirin nan suka yi maka ka ɗaure su kamar ɓarayi?"

Na ce, "Tsalle suke da ni."

"To ai aikinsu ke nan! Su ke shan dukan hanya a madadinka. Ka ɗaure su, yanzu kai ke sha." Ya kece da dariya har mai shayi ya leƙo. Da ya ga ban yi dariyar ba, ya ce, "Lahiya dai?"

Na gaya mashi. Nan take fuskarsa ta canza, ya ce, "Subhanallahi. Riƙe mani kan nan." Ya sa wuƙa ya tsinke robar, sifirin suka yi ƙara suka saki. Ya kwance notin da ke riƙe da sandar sirdi, ya sa na tsaya kusa da keken, ya sauke sirdin har ya zo daidai ƙashin ƙuguna. Ya ce in hau shi zai riƙe, in ɗora dunduniya a feda, ya duba ƙafar ta miƙe ba tare da na karkata ba. Sannan ya kwance wani noti a ƙarƙashin sirdin, ya danna bakin ya kwanta sosai. Tayoyin kuma ya matsa su da babban yatsa, ya girgiza kai, ya saki iska kaɗan.

Ina kallonsa raina na tafasa, don kowane juyi na sifana gani nake lokaci ne ke tafiya. Na ce, "Mati, don Allah yi sauri." Ya ce, "Na gama. Ungo sifanar, tahi da ita, in ya sake damunka ka san inda za ka taɓa. Ka maido mani in ka dawo." Na sa hannu aljihu, ya ture hannun ya ce in wuce.

Da na hau, sai na ji kamar an canza mani keke. Yatsun ƙafata na taɓa ƙasa. Wallahi wannan kaɗai ya rage mani rabin tsoro.

Hanyar Kusada

Hanyar burji ce, ruwan sama ya cinye ta, rami nan rami can. Yanzu sifirin na lotsawa ina lotsawa tare da su, abin da nake gudu da shi ya zama shi ke taimakona. Amma gyaran ya zo a makare, ɓarnar ta riga ta auku. Fata ta saluɓe, wandona ya manne da ita, ga gumi na shiga. Gero da dawa sun rufe hanya ta kowane gefe, ba kowa, sai ƙarar sarƙa da numfashina. A irin wannan shiru ne Shaiɗan ke samun mutum. Sai in ga kamar na iso ƙofar gidan na tarar da maza zaune a kan tabarmi. In yi a'uziyya in taka da ƙarfi, can kuma hoton ya dawo.

Na ratsa Kusada ban tsaya ba sai a bakin rijiya na sha ruwa. Na lura da wata akori-kura a gindin bishiya kusa da kasuwa ana loda mata buhuna, na tambayi direban yaushe zai tashi. Ya ce sai bayan la'asar, Kankiya zai nufa. Na ce ina da mara lafiya, ya ce, "In kun zo kun tarar da ni, to. Ni hadari nake gudu, ba na jira."

Bayan gari na iske ƙoramar, ruwanta iya ƙwauri, na tura keken na haye. A ɗaya gefen wata Bafillatana ta sauke ƙwaryar nononta tana hutawa, dattijuwa ce. Ta ga yadda nake tafiya ƙafa a warwatse, ta ce, "Kaɗo, dokin ƙarhen ya cije ka?"

Na ce, "Inna, bar ni da abin da ke damuna."

Ta ɗauki gammonta, wanda take ɗora ƙwarya a kai, na tsumma ne mai laushi an naɗe shi da rami a tsakiya, ta miƙo mani. "Ɗora a kai ka zauna. Inda ke ciwo ya faɗa ramin." Na ce ita fa? Ta ce ganye bai ƙare a daji ba, za ta naɗa wani. Na ɗaure gammon a kan sirdi da guntun robar da Mati ya yanke. Ba zan ce ciwon ya tafi ba, amma na iya zama.

Kaikai, ƙofar gidan surukai

Hantsi ya dubi ludayi na wuce Kaikai, na shiga turbar ƙauyensu. Tun daga nesa nake leƙen ƙofar gidan. Ba tabarmi, ba taron maza. Hayaƙi ne kawai ke tashi daga bayan danga, na itacen wankan jego. Na ce alhamdu lillahi har sau ban san adadi ba.

To nan kuma wani tsoron ya taso. Ku da kuka san al'ada kun san abin da na yi ba a yi. Miji ba ya zuwa gidan surukai a haihuwar fari kafin suna, ko ya zo ba ya tambayar matar, balle ɗiyar. Surukina, Malam Sada, dogon mutum ne mai kwarjini, tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa yi mashi magana da ta wuce gaisuwa ba. In na hango shi a kasuwa canza hanya nake.

Yana zaune a zaure yana gyaran fartanya. Na tuɓe takalma tun daga waje, na durƙusa, kaina a ƙasa, na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, muryarsa da mamaki. Na ji kamar in tashi in koma.

Na ce, "Baba, a gafarce ni. Na zo in tahi da ita asibiti."

Fartanyar ta tsaya a hannunsa. Kafin ya yi magana sai ga muryar Inna, mahaifiyar Hansai, daga bayan zana, ashe tana ji. "Asibiti? Mai jegon da ko suna ba a yi ba? Wa ya taɓa hidda mai jego waje iska ta buge ta? Sanyi ne ya shige ta, ruwan ne bai yi zahi ba, yau na ƙara itace. In ta bar wanka ta kumbura, wa za a ce ya kashe ta?"

Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. Na ce, "Inna, haka aka yi ta ƙara ma tawa uwar itace har ta tahi." Hawaye suka zubo mani a gaban surukina, ni da gemuna. Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma ban janye maganar ba.

Malam Sada ya miƙe ya shiga cikin gida. Shi ma Hansai ɗiyar fari ce a wurinsa, ba ya ko kiran sunanta, kuma na tabbata tun da ta haihu bai leƙa ɗakin ba. Ya daɗe. Can ya fito. Ya ce, "Ba ta gane ni ba." Ya juya wajen zana ya ce, "A shirya ta."

Sai maganar abin da za a ɗauke ta. Jaki dai ba za ta iya ba, wadda ta haihu kwanan nan ba ta raba ƙafa a bayan jaki. Wani ya ce a ɗauko gadon kara maza huɗu su ɗauka, Inna ta fasa kuka ta ce ba za a fitar mata da ɗiya a kafaɗa kamar gawa ba tana numfashi. Kariyar keke kuwa, wurin ɗora kaya na baya, ƙarfe ne tsura, ba abin da ke tare duka. Na dubi sirdin da gammon a kansa.

Na fiddo sifanar Mati. Na kwance notin, na sauke sirdin har ƙasa iyakar inda zai iya zuwa. Na ƙara rage iskar tayar baya har ta yi laushi a yatsa. Na ƙara zane a kan gammon na ɗaure, na naɗe ƙarfen tsakiya da bargo, na ɗaure feda ɗaya da igiya ta tsaya cak don ta sami wurin ɗora ƙafa. Na danna sirdin da tafin hannu na ga yana lotsawa a hankali yana dawowa.

Aka fito da ita a lulluɓe. Da na taɓa hannunta zafin ya ratsa ni kamar na taɓa tukunya a kan murhu. Idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba, leɓɓanta sun tsattsage. Muka zaunar da ita a karkace, ƙafafu gefe ɗaya. Malam Sada ya tsaya ta bayanta ya jingina ta da ƙirjinsa, hannu ɗaya ya zagaye ta, ɗaya a kariya. Ni na kama kan keken. Inna ta goya jaririyar ta biyo mu tana sharar hawaye.

Komowa, bakin ƙorama

Tafiyar da na yi a kan keke cikin ɗan lokaci, yanzu da ƙafa ta zama ba ta ƙarewa. Idona na kan turba ina zaɓar inda taya za ta bi, ina kauce ma saiwa da rami. In muka taka wani abu sai in ji sifirin ya yi ƙara, ita kuma ta yi ɗan nishi, nishin nan har cikin raina. In kuma ta yi shiru sai tsoro ya fi yawa, in waiga, Malam Sada ya ce, "Tana numhwashi. Tura." Mutumin da ban taɓa jin numfashinsa kusa ba, yau kafaɗarmu na gogar juna.

Wani wuri ta fara kiran sunan wata ƙawarta da ta rasu tun suna 'yan mata, tana cewa ta jira ta. Inna ta saki salati daga baya. Na ce da ƙarfi, "Ba inda za ki!" Ban san da wa nake ba.

Azahar ta wuce gabas ta fara haɗa baƙi. Mu ba a yi mana ruwa ba, amma an yi shi can inda ƙoramar ke tasowa, domin da muka iso ƙoramar ba ita ce na bari da safe ba. Ta yi ja, ta cika, tana tafe da karan dawa da kumfa. Na tsaya. Ni ban iya ruwa ba, kuma na gaya maku tsawona.

Malam Sada ya ce, "In muka jira ƙaruwa za ta yi." Ya sa Inna ta tsaya a gaɓa, ya ce zai dawo ya ɗauke ta. Muka shiga. Ruwa ya kai mani gwiwa, ya kai cinya, ya taɓa inda fata ta saluɓe na ji kamar an zuba barkono. Ya kai ƙugu. Yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafata, ruwan na tura tayoyin gefe, keken na neman kwanciya. A tsakiya tayar gaba ta faɗa rami, kan keken ya karkace, na ga Hansai ta tafi luu za ta zame. Na saki hannu ɗaya na tare ta da kafaɗa, ƙafata ta ɗauke, ruwa ya shiga bakina. Na ce shi ke nan, na kashe ta da hannuna, da na bar ta a ɗakin uwarta.

Sai na ji an damƙi wuyan rigata an tsai da ni. Malam Sada ne, ya riƙe ɗiyarsa da hannu ɗaya, ya riƙe ni da ɗaya, keken kuma ya tokare shi da cinya. Ya daka mani tsawa, "Rabe! Tsaya da ƙahwarka! Ɗaga kan!" Na tattara abin da ya rage mani na ciccibi tayar ta fito. Yadda muka kai gaɓa ban sani ba. Na dai ga kaina durƙushe ina amayar da ruwa, hannuna har yanzu a kan ƙarfen. Zanenta ya jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa, amma tana kan sirdin.

Ya koma ya hayo da Inna, jaririyar a ɗage a saman kansa.

Kusada zuwa Kankiya

Muna shiga Kusada na ji ƙarar inji. Akori-kurar ta tashi, har ta fara gangarawa. Na bar ma Malam Sada keken na ruga, ƙafa a warwatse, ina ihu ina ɗaga hula. Mutanen kasuwa suka taya ni ihu, direban ya taka birki ya leƙo. "Kai ne na safe? Ka ci sa'a, taya ce ta ɓata mani lokaci." Da ya ga Hansai sai ya sauke yaronsa daga gaba ya ce a sa ta nan ita da uwarta. Mu da keken muka hau kan buhuna.

Hadarin ya same mu a hanya, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Motar na zamewa a laka tana gyara tsayuwa, ni kuma ina leƙen gilashin baya ina neman in ga ko kanta na motsi. A mararraba na buga saman motar, na miƙa ma Mati sifanarsa daga sama. Ya biyo mu da gudu cikin ruwa yana tambaya, "Da rai? Da rai?" Na ce, "Da rai!" Ya ɗaga hannu biyu sama.

Ana kiran magariba muka tsaya a ƙofar asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa goshinta, ta dube mu, ta sa aka shiga da ita da sauri aka rufe ƙofa. Daren nan ba zan ba ku labarinsa ba. A baranda muka yi shi ni da Malam Sada, shi a zaune da carbi, ni a tsaye, don zama ya gagare ni.

Da gari ya waye ƙofar ta buɗe. Ma'aikaciyar ta fito ta ce, "Wane ne mijinta?"

Na sunkuyar da kai. A gaban uban mace, da wane baki zan ce ni ne? Kuma ina tsoron abin da za ta faɗa in na amsa. Sai na ji hannu a bayana ya tura ni gaba. Malam Sada ya ce, "Ga shi nan. Shiga, ɗana."

Tana kwance, gumi ya jiƙa mata goshi da wuya, zazzaɓin ya karye. Inna na zaune a gefen gado da jaririyar a cinya. Hansai ta juyo da ido a hankali, ta dube ni, wannan karon ni take kallo. Leɓɓanta suka motsa, na matsa kusa don in ji.

Ta ce, "Ka ga ɗiyar taka kuwa?"

Sai a lokacin na tuna. Yini guda yarinyar nan na biye da ni a bayan Inna, an ɗaga ta an haye ruwa da ita a gabana, ban dubi fuskarta ko sau ɗaya ba. Inna ta miƙo mani ita ba ta ko kau da kai ba, ni kuma na karɓa, a gaban surukata, na tsaya ina kuka kamar yaro.

Gida

Da aka sallame ta ba a mai da ita ƙauye ba, gidana aka kawo ta, Inna ta zauna da mu ta ƙarasa mata wankan da ruwa mai dama-dama. A ƙofar gidana aka raɗa suna, Malam Sada da kansa ya raba goro.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode ma Mati, da direban da ya taka birki, da ma'aikatan da suka tsaya a kanta, da dattijuwar bakin ƙorama da ko sunanta ban tambaya ba. Malam Sada da Inna sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka kabarinsu. Hansai kuwa ga ta can tsakar gida, kanta ya yi fari, tana yi ma jikokinta faɗa sun zubar mata da gero.